Abin da Kare Ke Ɗauke da Shi: Maƙala Zuwa ga Jama'ar Masallacin Koudoukou

Da sunan Allah nake farawa. Godiya ta tabbata ga Wanda Ya halicci giwa, Ya halicci kiyashi, Ya kuma halicci abin da ko kiyashin bai iya gani, Ya yanka wa kowanne abincinsa da ajalinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka. Duk wanda ya san Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ya san unguwar Kilomita Biyar, inda babbar kasuwar gari take, inda Hausawa da Barebari da Fulani da Larabawan Cadi suka zauna tun zamanin da fatauci ya kawo kakanninsu bakin kogin Ubangi. A tsakiyar unguwar babban masallacin Koudoukou yake. A 2014, lokacin da fitina ta cinye yawancin masallatan birnin, Allah Ya tsare wannan, harabarsa ta zama mafakar waɗanda aka kora daga gidajensu. Ranar 30 ga Nuwamba 2015 Fafaroma Francis ya shiga cikinsa, Limam Tidiani Moussa Naibi ya tarbe shi, duniya ta gani. Labarin yaƙi da sulhu ne ya sanar da duniya wannan masallaci. Ni kuwa a kan kare nake son in yi wa jama'arsa magana, da su da sauran 'yan'uwa na Kano da Maraɗi da duk inda ake yanka rago da sunan Allah.

Na san abin da wani dattijo zai ce: Malam, ina ruwanmu da kare? Ba ma kiwonsa, ba ya shiga ɗakunanmu, in ya kusanto sahu yara su kore shi da hoge. Gaskiya ne, baba. Sai dai karen da ba ma kiwo yana cin abin da muka yar. Yana kwana a bayan kwata, yana bin juji, yana zagaye gidan suna da gidan biki, kuma ranar Babbar Salla ba wanda ya kai shi ƙoshi. Makiyayinmu na daji kuwa yana da nasa karen, maharbi ma haka, kuma shari'a ta yarje musu. Mun nisanta shi daga tabarmarmu, amma mu ne masu ciyar da shi ba da saninmu ba, kuma akwai abin da yake mayar mana.

Ka sani, Allah Ya yi maka rahama, cewa malaman mazhabarmu sun yi wa mas'alar kare kallon natsuwa. Hadisi ya inganta da umarnin wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya yi lallage a ciki. Imamu Shafi'i ya fahimci cewa najasa ce mai kauri ta jawo wannan umarni. Imamu Malik, Allah Ya ƙara masa yarda, ya tafi a kan cewa kare mai rai tsarkakakke ne, shi da yawunsa, kuma wankin nan bauta ce da ake yi don bin umarni. Daga hujjojin mutanen Madina akwai cewa Alƙur'ani, a farkon Suratul Ma'ida, ya halatta cin abin da karen farauta horarre ya kamo, alhali da bakinsa yake kamowa. Ɗalibai kuma suna ba juna labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, wanda ya rasu a 386 bayan hijira: katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro, ya ajiye kare don gadi, da aka tuna masa cewa Malik ya ƙi hakan sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin wannan zamani da ya ajiye abin da ya fi kare ban tsoro. Mutanen Kilomita Biyar, da suka kwana shekaru da ido ɗaya a buɗe, ba sa bukatar a yi musu sharhin wannan labari.

Akwai kuma wata magana da ta fi wannan kusa da abin da nake nufi. Ibn Rushd jika, alƙalin Ƙurɗuba kuma likita, wanda ya rasu a 595, ya kawo a cikin Bidayatul Mujtahid ra'ayin kakansa, Ibn Rushd babba, cewa umarnin wanke ƙwaryar yana da dalili na likitanci, wato tsoron kada karen ya kasance mahaukaci, dafin bakinsa ya cuci mai sha. Wasu suka yi suka da cewa ai mahaukacin kare gudun ruwa yake yi. Jikan ya amsa cewa wannan sai ciwon ya yi nisa, amma a farkonsa yana sha. Dubi yadda fakihai biyu na gida ɗaya suka zauna suna auna halin dabba marar lafiya a tsakiyar babin tsarki, ba su ga hakan ya rage wa hadisi daraja ba. Abin da na ɗauka daga gare su shi ne tambaya biyu ce a nan. Ta farko: shin wannan abu yana ɓata salla? Malami ke amsa ta. Ta biyu: shin yana cutar da jiki? Wannan sai likita. Abu yana iya zama mai tsarki a hukunci, a yi salla da shi, alhali yana ɗauke da abin da zai kwantar da yaro shekara goma nan gaba. Kuma ƙa'idar hana cuta da cutarwa tana cikin ginshiƙan fiƙihu, ba wanda ya yi saɓani a kanta.

A nan zan ɗan ja hankalin masu wa'azi. Ana yawan jin cewa Turawa sun auna sun gano ƙasar da ake wanke ƙwaryar da ita tana kashe ƙwayoyin cutar yawun kare, don haka hadisi ya tabbata. Hadisin da ya inganta ba ya jiran ɗakin gwaji ya sa masa hannu, kuma wanda ya rataye imanin mutane a kan binciken da bai iya faɗin wanda ya yi shi ba, ya ɗora su a kan reshe busasshe. Mu wanke don an umarce mu. Mu kuma tambayi likita abin da ya sani, mu karɓa gwargwadon hujjarsa.

To, zo mu tsaya kusa da mahauci. Ya feɗe rago, ya zaro kayan ciki cikin daro, ya ɗaga hanta yana juyawa. A gefenta ga wani ƙullutu fari, kamar ƙwan kaza, mai santsi, in ka danna sai ka ji ruwa a ciki. Wani lokaci a huhu yake. Mahaucin ya san ba a sayar da wannan, ba a kuma ba baƙo, don haka sai ya sa wuƙa ya zagaye shi, ya yanke, ya wurga bayan katanga. Kafin ya kai ƙasa kare ya cafe. A ganin mahauci ya tsabtace namansa, ya kuma yi wa dabba sadaka. Alhali ruwan nan cike yake da dubban kawunan wata tsutsa, kuma cikin kare kaɗai suke jira su shiga. Cikin kamar mako shida sai su zama manyan tsutsotsi a ƙaramin hanjinsa. Babbarsu ba ta wuce milimita shida ko bakwai ba, kuma kare yana iya ɗaukar dubbai yana wasansa, ba rama, ba zawo. Ƙwansu yana fita da kashinsa, ya manne a gashinsa, ya bi ƙura da ruwan sama zuwa ciyawa da lambun salak da wurin wasan yara. Tunkiya ko saniya ko raƙumi ya ci, jakar ruwa ta tsiro a hantarsa. Ɗan Adam ya haɗiya daga hannu marar wanki, ita ma ta tsiro a tasa hantar, ko a huhu, tana girma a hankali shekara da shekaru ba zafi, har ranar da ciki zai kumbura, ko tari ya ƙi ji, ko ta fashe ta jefa mai ita cikin halin rai kwakwai mutu kwakwai. Maganinta sau da yawa sai fiɗa, tare da shan albendazole na tsawon lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci mutum fiye da miliyan ɗaya ne ke ɗauke da wannan ciwo.

A lura da kyau, don kada a ɗora wa nama laifin da ba nasa ba: mutum ba ya kamuwa ta cin naman ragon, ko da hantar ce. Dole sai tsutsar ta ratsa cikin kare tukuna. Layyar mai ragon ma ba ta sami matsala ba, tunda ciwon da ke hana layya shi ne wanda ya bayyana a jikin dabba. Inda aka yi kuskure wuri ɗaya ne tak, wato hannun da ya yi wurgin.

Wannan tsutsa ba baƙuwa ba ce a ƙasashenmu. Tun ƙarshen shekarun 1970 masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka same ta a karnukan titi na arewacin Nijeriya, kuma likitocin dabbobi suna ganin jakar a kwatar Kano da Sakkwato da Maiduguri, musamman a huhun raƙuma. A Turkana ta ƙasar Kenya, inda kare ke kwana da jarirai, ciwon ya kai matsayin da ba kasafai ake ganin irinsa a duniya ba. A dazukan arewacin Afirka ta Tsakiya kanta, a 1980, wasu masana biyu, Graber da Thal, sun ba da rahoton irin wannan jaka a namun daji, suka yi zaton tana zagayawa tsakanin zaki da gadu.

Matsalar da ta daɗe tana damun likitocin dabbobi ita ce yadda za a gane karen da ke ɗauke da ita. In ka sa kashin kare a ƙarƙashin madubin likita za ka iya ganin ƙwai, amma ƙwan wannan muguwar tsutsa da na wasu 'yan'uwanta da ba sa yi wa mutum komai kamarsu ɗaya sak, ƙwararre ma ba ya rabewa. A da sai a ɗura wa kare wani magani mai sa zawo, arekolin, a tsaya a kansa har ya zubar, a tsince tsutsotsin da hannu. Aiki ne mai wahalar da dabba, mai haɗari ga ma'aikaci, kuma karnuka da yawa ba sa zubarwa. Hanya ta biyu ita ce a kashe karen a tsaga hanjinsa. Nan ilimin ido ya tsaya, sai Allah Ya buɗe wata ƙofa.

Kowace halitta mai rai tana ɗauke da wani dogon zare a cikin ƙwayoyin jikinta, wanda masana ke kira DNA. Sinadarai huɗu ne kawai aka jera a kansa, amma yadda aka jera su ya bambanta daga jinsi zuwa jinsi, har tsakanin tsutsotsi biyu da ido ke gani iri ɗaya. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya rubuta wa kowace halitta shaidarta a jikinta. Wahalar ita ce zaren da ke cikin ƙwai biyu ko uku ya yi ƙanƙantar da ba na'urar da za ta karanta shi. A 1983 wani masanin sinadarai Ba'amurke, Kary Mullis, ya gano dabarar ninka shi, aka ba shi kyautar Nobel a 1993. Ita ce gwajin PCR, wanda sunansa ya shiga kunnen kowa a zamanin korona.

Ga yadda ake yi da kashin kare. Da farko a daskarar da shi kwanaki a sanyin da ya kai digiri 80 ƙasa da sifili, don ƙwan ya mutu kada ya kama ma'aikaci. Sannan a fasa ɓawon ƙwan, a wanke, a tace, har a sami ɗigon ruwa garau mai ɗauke da zaren duk abin da ke ciki: na karen, na abincin da ya ci, na ƙwayoyin hanjinsa, da na tsutsar in akwai ta. A cikin wannan taron ake neman mutum ɗaya. Sai a zuba wasu gajerun guntayen zare guda biyu da aka ƙera musamman, waɗanda ba sa mannewa sai a jikin zaren tsutsar da ake nema. A ƙara wani sinadari mai saƙa sabon zare, wanda aka samo daga wata ƙwayar halitta da ke rayuwa a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka, shi ya sa tafasa ba ta kashe shi. A rufe 'yar kwalbar, wadda ba ta kai kan ɗan yatsa ba, a sa a na'ura. Na'urar ta ɗaga zafi zuwa digiri 95, zaren ya rabu biyu. Ta sauke zuwa wajen 55, guntayen nan su nemi wurinsu su manne. Ta koma 72, mai saƙa ya cike abin da ya rage. Ɗaya ya zama biyu. Misalinsa kamar malami ne ya rubuta layi ɗaya a allo, almajiri ya kwafa, sannan kowane allo ya sami mai kwafarsa, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. A zagaye na talatin an haura biliyan ɗaya, cikin awa biyu ko uku. In tsutsar tana nan, za a ga alamarta ƙarara. In babu, guntayen ba su sami inda za su manne ba, kwalbar ta fito shiru.

Daga nan ana iya karanta jerin zaren da aka ninka, a san wane reshe ne na dangin. Da wannan aka gane cewa abin da aka daɗe ana ɗauka tsutsa ɗaya ce, jinsuna ne da dama: akwai wadda ta fi bin tumaki, ita ce ta fi kama mutane a duniya, akwai ta raƙuma, akwai ta shanu, akwai ta zaki. Amfanin wannan a aikace yake. Garin da ya san ta raƙumi ce ke yawo a karnukansa ya san wace kwata zai fara sa wa ido.

Babu inda wannan ilimi ya nuna ƙarfinsa a kusa da mu kamar a labarin kurkunu. Dattawan ƙasar Hausa sun san shi: ƙafa ta yi bororo mai zafi kamar wuta, farin zare ya leƙo, a naɗe shi a tsinke kaɗan-kaɗan, yau ɗan taƙi gobe ɗan taƙi, mako da makonni, manomi yana kwance damina tana wucewa. Tsawonsa yana kai mita guda. Ibn Sina ya siffanta shi a littafinsa na likitanci shekara dubu da suka wuce, kuma har yau ba shi da magani ba shi da rigakafin allura. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa a shekara. Cibiyar Carter ta ja ragamar yaƙi da shi, Janar Yakubu Gowon ya bi ƙauyukan Nijeriya yana roƙon a tace ruwa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya da Nijar sun rabu da shi a 2013. Afirka ta Tsakiya ta sami tata shaidar tun 2007. Dukan shirin an gina shi a kan cewa mutum kaɗai tsutsar ke bi.

Sai ga shi a 2010 ya sake ɓulla a Cadi bayan shekara goma ba labari, kuma ɓullar ba ta bi tsarin da aka sani ba: mutum ɗaya a wannan ƙauye, wani a can nesa, ba tafki ɗaya suke sha ba. A 2012 aka fara ganin farin zare yana fita daga ƙafafun karnuka a ƙauyukan masunta na bakin kogin Shari. A 2019 karnukan da aka ƙirga sun kusa dubu biyu. Tambayar da komai ya rataya a kanta ita ce: wannan kurkunun mutane ne, ko wani ɗan'uwansa ne na dabbobi? Ido ba zai faɗa ba. Aka riƙa sa tsutsotsin a kwalba ana aikawa cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka da ke Atlanta, ana dubawa da madubi da PCR. Binciken da Elizabeth Thiele da abokan aikinta suka buga a 2018 ya nuna cewa tsutsar kare da ta mutum a Cadi jinsi ɗaya ce, zuriya ɗaya, suna musayar masauki. Yawan bambancin da aka gani a nasabarsu kuma ya ƙarfafa zaton cewa a shekarun nan goma na shiru tsutsar tana nan, ganinta ne ba a yi ba. Masana suka karkata ga cewa karnuka suna samunta ne daga kayan cikin kifi da ake zubarwa a bakin ruwa, da ƙananan kifaye da kwaɗi. Dabara ta sauya: a ɗaure kare har tsutsar ta gama fita don kada ya shiga ruwa, a ba mai shi lada, a binne kayan cikin kifi. Aka ɗaga wa'adin kawar da cutar daga 2020 zuwa 2030.

Kada mutumin Bangui ya ce wannan labarin Cadi ne. Ruwan Shari daga arewacin ƙasarsa yake tasowa, makiyaya da masunta da karnukansu suna ƙetare iyakar nan rani da damina. A 2022, cikin mutum 13 da suka kamu a duniya duka, ɗaya a Afirka ta Tsakiya aka same shi, can kusa da iyakar Cadi, kuma a 2023 an sake samun ɗaya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Shi kansa Bangui yana da nasa darasin, ko da yake a kan haukan kare ne, wanda ƙwayar cuta ce ke kawo shi ba tsutsa ba. Cibiyar Pasteur ta Bangui, da aka kafa a 1961, ta daɗe tana karɓar kawunan karnukan da suka yi cizo tana gwadawa, tana kuma yi wa waɗanda aka ciza allura. Da masana suka karanta zaren ƙwayoyin da aka tara shekara da shekaru, suka buga sakamakon a 2016, sai ya bayyana cewa cutar ba ta iya riƙe kanta a cikin birnin ita kaɗai. Takan lafa, sai wani kare ya shigo da sabuwa daga waje. Ma'anar wannan ita ce rigakafin da ya tsaya a cikin gari bai isa ba, sai an haɗa da ƙauyuka da hanyoyin shigowa. Zuba wa karnuka guba a titi kuwa, wanda hukumomi da yawa ke gaggawar yi, bai taɓa kawar da cutar a ko'ina ba. Abin da ya yi aiki shi ne yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnuka allura, kamar yadda aka yi a Njamena a 2012 da 2013. Ga kuma nauyin rai. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ba da labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi, ya kuma sanar da cewa akwai lada a kyautata wa duk mai rai. Ban ga yadda al'ummar da ke karanta wannan za ta zaɓi guba alhali ga allura ba. Wanda kare ya ciza kuwa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada ya jira ya ga halin karen. Haukan kare in ya bayyana a jikin mutum, kusan ba mai tashi.

Ba zan ɓoye iyakar gwajin PCR ba. Yana son wutar lantarki da ba ta yankewa, da sinadarai masu tsada da ake shigowa da su cikin sanyi, da ma'aikaci mai amana. Ƙarfinsa shi ne rauninsa: abin da ke mayar da ɗaya biliyan zai ninka ƙurar da ta faɗo daga gwajin jiya, ya ɗora wa kare mai lafiya ciwon da ba shi da shi. Shi ya sa a kowane zubi ake sa kwalba ɗaya ta ruwa zalla, in ita ma ta nuna alama sai a zubar da aikin ranar duka a sake. A ɗaya gefen, kashi yana ɗauke da abubuwan da ke hana sinadarin aiki, kuma tsutsa ba kullum take zubar da ƙwai ba, don haka kwalbar da ta fito shiru ba rantsuwa ba ce. Masana na Japan sun fito da wata hanya mai sauƙi a 2000, wadda ke aiki a zafi ɗaya na wajen digiri 65, ana iya yinta da ƙaramar na'ura mai batir, kuma ita ce ta fi dacewa da garuruwanmu. Duk da haka ba wanda zai ce a gwada kowane kare. Kuɗin gwaji ɗaya zai sayi ƙwayar praziquantel, maganin tsutsar, ta karnuka da yawa. Aikin gwajin shi ne ya zama idon gari: a tsinci kashi daga bayan kwata da kasuwar shanu da unguwanni, a san ko tsutsar tana nan, wace iri ce, a ina ta fi yawa, sannan bayan shekara a sake aunawa a ga ko abin da ake yi yana ci.

Imamu Gazali, a farkon Ihya, ya koka da garuruwan da suka cika da masu fatawa amma ba likita Musulmi ko ɗaya, alhali likitanci farilla ce da in wasu ba su ɗauke ba kowa ya yi laifi. Kukansa yana kanmu. Unguwar da cinikin shanu da nama ya daɗe a hannun mutanenta ya kamata a ce cikin 'ya'yanta akwai likitan dabbobi, akwai wadda ta iya riƙe bututun awo a ɗakin gwaji. Attajirin da ke biya wa mutum goma kujerar Makka, ya ɗauki nauyin karatun yaro ɗaya a wannan fanni, ina kyautata zaton ba zai rasa ladansa ba.

Amma kafin yaron ya gama karatu akwai abin da mumbari zai iya yi a Juma'ar da ke gaban Salla. Ƙasar Aisilan, a ƙarni na 19, tana cikin inda ciwon jakar ruwa ya fi kisa a duniya. A 1864 wani likita ɗan Denmak, Harald Krabbe, ya rubuta ɗan littafi da harshen mutanen yana bayyana yadda tsutsar ke zagayawa tsakanin tunkiya da kare da mutum, aka raba gida-gida, aka karanta. Mutane suka daina ba karnuka kayan ciki, doka ta biyo baya, ciwon ya yi ta ja da baya har ya ƙare, ba tare da gwajin PCR ba. Su da takarda suka yi. Mu muna da limamin da dubban mutane ke yi wa shiru kowane mako, da Sarkin Fawa da mahauta ba sa ƙetare maganarsa.

Abin da za a faɗa musu kaɗan ne. Duk hanta ko huhun da aka ga ƙullutun ruwa a jiki, kada a fasa shi, kada a wurgar. A ƙone shi ƙurmus, ko a dafa shi ya dahu sosai kafin a ba dabba, ko a binne. In binnewa za a yi, ramin ya yi zurfin da ya kai ƙugun babban mutum, a danne da dutse ko a zuba farar ƙasa, domin kare yana tone rami marar zurfi a daren farko. Kowane layi ya haƙa nasa tun ranar jajibere, a wakilta saurayi ɗaya ya zagaya da bokiti mai murfi yana karɓa. Kwata ta sami katanga da ƙofa mai rufuwa. Yara su wanke hannu da sabulu kafin su ci, ganyen da za a ci ɗanye a wanke shi da ruwa mai gudu. Mai karen kiwo ko na gadi ya ba shi praziquantel duk mako shida, wato kafin sabuwar tsutsa ta isa yin ƙwai, ya ɗaure shi kwana biyu bayan shan maganin, ya binne abin da ya fitar, domin maganin yana kashe tsutsar amma ba ya kashe ƙwan da ke cikinta.